Wa dokar hana kalaman ƙiyayya take karewa? Zare 🧵

1/ Jiya a majalisarmu ta shayi a Barkiya musu ya kaure. Wani ya ce a kafa doka mai tsanani kan masu zagin ƙabilu a intanet. Na yarda akwai matsala, amma bari mu waiwayi tarihi tukuna.

2/ An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. A shekarun da suka biyo baya, kotunan En'e sun sha ɗaure 'yan jam'iyyar bisa zargin zagin sarki ko taro ba izini. Gambo Sawaba kanta ta sha shiga kurkuku. Masu mulki sun kira abin kiyaye zaman lafiya.

3/ A 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta kafa Doka ta 4 don kare jami'an gwamnati daga "zargin ƙarya". Da ita aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda, kan labarin naɗin jakadu. Babangida ya soke ta a 1985.

4/ A 2019 Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya kawo ƙudurin da ya tanadi rataya idan kalaman ƙiyayya suka jawo mutuwa. Jama'a suka yi ca, bai zama doka ba.

5/ Kar wani ya ce ina nufin baki bai kisa. A Ruwanda a 1994, gidan rediyon RTLM ya riƙa kiran 'yan Tutsi kyankyasai yana tunzura a kashe su. Daga baya kotun duniya a Arusha ta hukunta wasu jagororinsa. Hukuncin nan daidai ne.

6/ Tsarin mulkin 1999 ya san da ɓangarorin biyu. Sashe na 39 ya ba ka 'yancin faɗin albarkacin baki, sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi don tsaro da haƙƙin wasu.

7/ Don haka duk dokar da aka kawo, tambayata ɗaya ce: wa take karewa? Idan talakan da ake tunzura mutane a kansa saboda ƙabilarsa ko addininsa ne, ina goyon baya. Idan mai kujera ne da ba ya son suka, mun ga irinta a 1984.

8/ Mu nan Kurfi da Dutsin-Ma, da waya muke kai kukan rashin tsaro duniya ta ji. Dokar da ba ta fayyace laifi ba, mu za ta fara rufe wa baki. Kafin ka yi mata tafi, karanta ta.