Ibrahim El-Salahi: Daga Zanen Fuska Zuwa Layukan Gawo

Mai karatu, idan aka ce maka zane, abin da zai fara zuwa maka shi ne hoton mutum ko doki ko kasuwa, wanda da ka kalla ka gane. Amma akwai wani salon, inda mai zane ke barin siffa ya koma layuka da da'ira da murabba'i zalla. Wasu na ganin wannan kayan Turawa ne. To, tarihin Ibrahim El-Salahi na Sudan ya nuna ba haka abin ya ke ba.

An haife shi a Omdurman a 1930, mahaifin sa malamin allo ne. Daga 1954 zuwa 1957 ya yi karatu a makarantar zane ta Slade da ke Landan, inda ya ƙware wajen fitar da fuskar mutum yadda Turawa ke yi. Da ya dawo Khartum ya baje kolin aikin sa, sai mutanen gari su ka ƙi zuwa kallo. Ka ji fa, ga gwaninta amma babu 'yan kallo!

Sai ya tsaya ya duba me mutanen sa ke ratayawa a ɗakunan su. Rubutun Larabci ne da adon tabarma da na ƙwarya. Nan ya ɗauki harafin Larabci ya riƙa ja ya na lanƙwasawa, har harafi ya zama fuska ko tsuntsu. Wannan hanya na cikin abin da ya kafa salon da ake kira Makarantar Khartum. Masu karatun littafi ma sun san hannun sa, domin shi ya yi zanen cikin fassarar Ingilishi ta "Auren Zein" na Tayeb Salih.

A 1975 gwamnatin Numeiri ta tsare shi wata shida a kurkukun Kober ba tare da shari'a ba, bisa zargin juyin mulki. A can ya riƙa zane a guntayen takarda ya na binnewa a yashi don kada gandirobobi su gani.

Daga baya ya shiga zanen itacen haraz, wato gawon nan namu da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. A farko ka na ganin itacen. Sannu a hankali ya rage shi har ya koma layuka miƙaƙƙu a jere kamar saƙar tabarma. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya shirya masa babban baje koli na tarihin aikin sa, karon farko ga ɗan Afrika.

Kai mai shirya fim, lura da kyau: bai yar da ilimin Landan ba, tambayar idon mutanen sa ya yi. Zayyanar bangon Zariya da aikin aska takwas a babbar riga na nan su na jiran kyamarar ka.