Gyaɗa da Karen Farauta a Ƙasar Dutse

Tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911, talakawan ƙasar Dutse, wadda a wancan zamani gunduma ce a ƙarƙashin Sarkin Kano, sun san gyaɗa, domin 'yan Fotugal sun daɗe da ɗauko irinta daga Kudancin Amurka zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Sai dai abar miya ce da kunu, ba hajar fatauci ba. Da kamfanonin Turawa suka buɗe cinikinta a 1912, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka shiga saye har aka tsayar da dalar gyaɗa a Kano, sai gyaɗa ta zama ita ce kuɗin haraji, ita ce sadaki, ita ce tufar Salla.

Abin da ya tsira daga ma'aunin dillali yakan faɗa hannun matan aure, a Limawa da sauran unguwannin Dutse, su soya, su murje, su daka, su yi ta juyawa da ruwan zafi har mai ya tsatso, sa'an nan su murza tunkuzar su toya ƙuli-ƙuli, wanda mahauta ke bukata domin tsire da kilishi. Harawar kuwa ta tumaki ce. To, a cikin wannan rabo, ina kason kare?

Fuƙaha'un Malikiyya, waɗanda littattafansu ake biyawa a zaurukanmu, sun tafi a kan cewa kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallage a ciki sau bakwai kuma ta'abbudi ne. Amma Risala ta Ibn Abi Zaid ba ta yarda a ajiye shi ba face domin farauta ko tsaron gona da dabbobi. Saboda haka mafarauci yakan ciyar da karensa da dusa da ƙanzo da ƙashi, idan kuwa gyaɗa ta kai bakinsa, galibi wadda aka tsince aka zubar ce, mai ɗaci, mai funfuna. Hakika a nan illar take, alhali ba wanda ya san sababinta sai a 1960, sa'ad da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar Barazil, masana suka bi diddigi har suka gano dafin da funfuna ke haifarwa, wanda suka kira afalatoksin. Hanta yake ci, kare kuwa yana cikin dabbobin da ba su jure masa ko kaɗan.

Gyaɗa mai kyau, wadda ta bushe sarai, ba ta cutar da kare in an ba shi kaɗan, ba gishiri ba yaji, ko da yake yawan maiƙonta kan ɓata masa ciki. Amma tun da Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991, kantuna suka yawaita, markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta kwalba ta shigo da wata mas'ala wadda kakanninmu ba su sani ba: wasu masana'antu na ƙetare sukan zaƙaƙa ta da wani sinadari mai suna xylitol a maimakon sukari, wanda ɗan Adam ke sha lafiya lau, amma yakan zubar da sukarin jinin kare farat ɗaya, ya yi ta rawar jiki da farfaɗiya, wani lokaci hantarsa ta lalace. Ana rubuta sunan sinadarin a jikin kwalbar, cikin jerin kayan haɗi.