Tsaron aika imel

Tsaron aika imel shi ne matakan da ake ɗauka don kada wani ya karanta ko ya sauya saƙon imel yayin da yake kan hanya daga mai aikawa zuwa sabar mai karɓa. Ya dogara ne a kan abubuwa biyu: ɓoye saƙon da fasahar TLS, da kuma tantance satifiket ɗin sabar da ake miƙa wa saƙon. Na farko yana maganin mai leƙen asiri, na biyu kuma yana maganin sojan gona.

Tarihi

SMTP, wato ƙa'idar da sabobi ke bi wajen miƙa wa juna imel, Jon Postel ne ya wallafa ta a shekarar 1982. A lokacin saƙo yana tafiya ne a fili, kamar wasiƙar da ba a sa a ambulan ba. A shekarar 1999 aka ƙara umarnin STARTTLS, wanda ke bai wa sabobi biyu damar komawa ɓoyayyiyar magana bayan sun gaisa. An sabunta shi a 2002 cikin takardar RFC 3207. A 2018 aka fitar da TLS 1.3, sannan a 2021 aka soke amfani da TLS 1.0 da 1.1.

Yadda saƙo ke tafiya

Idan malami a Jami'ar Tarayya ta Dutse ya aika saƙo daga adireshi mai ƙarewa da fud.edu.ng zuwa wata jami'a a Masar, saƙon zai yi aƙalla zango biyu. Zangon farko daga wayarsa ko kwamfutarsa ne zuwa sabar da ke riƙe da akwatinsa. Manhajojin imel suna bin ƙofa mai lamba 587 ko 465 a wannan zango, kuma ta nan ne kalmar sirrinsa ke wucewa. Zango na biyu daga wannan saba ne zuwa sabar Masar, ta ƙofa mai lamba 25.

Raunin ya fi yawa a zango na biyu. Bisa al'ada, saba tana ɓoye saƙo ne idan ɗaya ɓangaren ya ce zai iya, in ba haka ba ta aika shi a fili. Wanda ya tsaya a tsakani zai iya goge tayin STARTTLS, sai ɓangarorin biyu su ci gaba ba tare da sun lura ba. A 2014 ƙungiyar EFF ta ba da rahoton cewa wasu kamfanonin intanet a Amurka da Tailan sun yi hakan.

Tantance satifiket

Satifiket takardar shaida ce ta dijital da ke haɗa sunan saba da makullinta. Mai aikawa yana duba abubuwa uku: ko sunan da ke jiki ya dace da sabar da ake nema, ko wa'adinsa bai ƙare ba, da ko amintacciyar hukuma ce ta sa masa hannu. Idan ba a yi wannan duba ba, saƙon zai iya tafiya a ɓoye amma ya faɗa hannun sabar bogi. Tun 2015 hukumar Let's Encrypt take ba da satifiket kyauta.

Akwai hanyoyi biyu na tilasta tantancewa tsakanin sabobi. DANE, wadda aka tsara wa imel a 2015, tana ajiye bayanin satifiket a cikin kundin sunaye na DNS mai kariyar DNSSEC. MTA-STS ta 2018 kuwa tana bai wa mai adireshi damar sanar da cewa kada a kawo masa saƙo sai ta TLS da ingantaccen satifiket. Gmail ya fara aiki da ita a 2019.

A Najeriya

Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta wajabta wa masu riƙe da bayanan mutane ɗaukar matakan fasaha don kare su, kuma ta ambaci ɓoye bayanai a cikin matakan. Wannan ya shafi makarantu, asibitoci da ma'aikatu a Dutse da sauran sassan Jigawa da ke aika sakamakon jarrabawa, bayanan albashi ko na marasa lafiya ta imel.

Iyakarsa

TLS yana kare saƙo ne a kan hanya kawai. Da ya sauka, mai kula da sabar zai iya karanta shi, sai dai idan an rufe shi tun daga tushe da PGP ko S/MIME. Haka kuma ba ya tabbatar da ko wane ne ya aiko saƙon. Wannan aikin SPF, DKIM da DMARC ne.