Yadda likitoci suka koyi neman guba a jinin yaro mai jijjiga

A ƙasar Ƙonni, Malbaza da Illela, idan yaro ya sanƙame, idanu suka kakkafe, iyaye sun daɗe suna cewa iska ce, a nemo rubutu da turare. Zuwan asibitoci, irin na Galmi da aka buɗe a 1950, ya kawo wata fahimta: da damina a zargi zazzaɓin cizon sauro, da bazara a zargi sanƙarau. A duba jini, a ɗebi ruwan ƙashin baya. Sannu a hankali aka gane cewa faɗuwar sukarin jini ma tana sumar da yaro, musamman mai tamowa ko wanda aka ɗura wa kinin. Shi ya sa ake soka ɗan yatsa a auna sukari tun kafin komai.

Darasi mafi ɗaci daga Zamfara ya zo. A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka tarar yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Ƴargalma. Amai, jijjiga, suma. An ba su maganin zazzaɓi, shiru. Sai aka lura da abin da ke gudana cikin gidaje: ana daka duwatsun zinariya a turmi, ana niƙa su a injin hatsi, ƙura na sauka inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki. Gwajin jini ya nuna gubar dalma, har ta zarce 65, iyakar abin da na'urar hannu ke iya aunawa. Yara kusan 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa, sannan aka ba yaran maganin da ke fitar da dalma ta fitsari. A 2015 masifar ta sake ɓulla a Shikira, jihar Neja.

Tun daga nan tambayar likita ta faɗaɗa: mece ce sana'ar uban? Ana fasa tsohon batir a gidan? Wane kwalli ake sa wa jariri?

Nisan Ƙonni da Zamfara bai taka kara ya karya ba, kuma matasanmu na zuwa haƙar zinariya. Iyaye, yaron da ya yi jijjiga a garzaya da shi asibiti, a gaya wa likita gaskiyar aikin da ake yi a gida. Ɓarnar da dalma ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa.