Daga Layin Ofishin Ƙwadago Zuwa Koren Zobe: Tarihin Neman Aiki Bayan Sallama

Sallamar ma'aikata a jimlace, wato kamfani ya rage ɗaruruwa ko dubban mutane a lokaci guda ba don wani laifi da suka aikata ba sai don kasuwa ta ja baya, aba ce da ta taso tare da manyan masana'antu, kuma tun farko hukumomi suka ɗauka cewa maganinta shi ne a buɗe ofis inda mai nema da mai ɗauka za su haɗu. A kan wannan tunani Birtaniya ta kafa dokar ofisoshin ƙwadago a 1909, lokacin da Winston Churchill yake riƙe da ma'aikatar ciniki, Amurka kuma ta yi irin tata a 1933, a tsakiyar babban karayar tattalin arziki. Ofisoshin sun amfani leburori da masu aikin hannu, amma manaja ko babban akawu da aka sallama yakan ga tsayuwa a layi a matsayin zubar da girma, don haka ya fi son ya ɓoye halin da yake ciki, ya bi ta wajen waɗanda ya sani a asirce. Ƙungiyoyin Forty Plus, waɗanda manajojin da suka haura shekara 40 suka kafa a Amurka a ƙarshen shekarun 1930 domin nema wa juna aiki, an gina su ne a kan wannan rufin asiri.

Wanda ya nuna illar ɓoyon shi ne masanin zamantakewa Mark Granovetter, wanda ya binciki ƙwararru da manajoji 282 a garin Newton da ke kusa da Boston, ya kuma wallafa sakamakon a 1973 da 1974. Ya gano cewa fiye da rabinsu sun sami aikinsu ne ta bakin wani mutum, ba ta tallan jarida ko ofishin ƙwadago ba, abin da ba zai ba kowa mamaki ba, domin an daɗe da sanin cewa mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Abin da ya zama sabo shi ne ko wane ne mutumin: galibi ba ɗan'uwa ba ne, ba kuma amini ba, tsohon abokin aiki ne ko ɗan ajinsu a makaranta wanda sai jefi-jefi suke haɗuwa. Granovetter ya kira wannan rarraunar alaƙa, ya kuma bayyana cewa aminan mutum suna yawo ne inda yake yawo, suna jin abin da yake ji, alhali wanda aka yi wa sanin shanu yana zaune a wata da'ira dabam, labarin gurbin aiki yakan iso masa daga inda mai nema ba ya kaiwa. Matsalar a fili take: wanda ya fi iya taimako shi ne wanda kunya take hana a gaya wa.

Shekara talatin bayan haka aka mayar da wannan fahimta sana'a. Reid Hoffman, tsohon jami'in kamfanin PayPal, ya buɗe LinkedIn tare da abokansa a ranar 5 ga Mayu 2003 a jihar Kalifoniya, a daidai lokacin da rugujewar kamfanonin intanet ta bar injiniyoyi da yawa a zaune. Tsarin mai sauƙi ne: mutum ya rubuta tarihin aikinsa, ya ƙulla da waɗanda ya sani, sai na'ura ta nuna masa waɗanda su kuma suka sani, ya nemi a gabatar da shi. Rikicin bankuna na 2008, wanda ya kai rashin aiki a Amurka kashi 10 cikin 100 a Oktoban 2009, ya koro ma'aikatan ofis zuwa dandalin, kuma a 2016 Microsoft ya saye shi a kan dala biliyan 26.2. Ya kamata a lura cewa babban abin da LinkedIn yake sayarwa ba hidima ga mai neman aiki ba ce, damar bincika bayanansa ce da dillalan ma'aikata suke biya. Wani nazari da mujallar Science ta buga a 2022, wanda ya shafi masu amfani da dandalin fiye da miliyan 20, ya tabbatar da ra'ayin Granovetter tare da gyara guda, cewa alaƙa mai matsakaicin rauni ta fi mai rauni sosai kawo aiki. An kuma soki LinkedIn don ya yi gwajin da nazarin ya dogara a kai ba tare da sanar da mutanen ba.

Kunyar kanta ba ta karye ba sai da annobar korona. A Afrilun 2020 kaɗai Amurka ta yi asarar guraben aiki sama da miliyan 20, kuma da sallama ta zama ruwan dare ba wanda zai ce sakacin ma'aikaci ne. A tsakiyar shekarar LinkedIn ya fito da koren zobe da ake zagaye hoton mutum da shi, alamar cewa yana neman aiki. Lokacin da Meta ya sallami mutum 11,000 a Nuwamban 2022, Google kuma 12,000 a Janairun 2023, sanarwar sallama ta riga ta zama salon rubutu mai ƙa'idojinsa: godiya ga tsohon wurin aiki, yabon abokan aiki, kauce wa ƙorafi, sannan roƙon a yaɗa. Baƙin ma'aikata masu bizar H-1B, akasarinsu 'yan Indiya, sukan ƙara da adadin kwanakin da suka rage musu, domin doka ta ba su kwana 60 ne kawai su sami wani aikin ko su bar ƙasar.

Duk da haka ba a daina jayayya a kan zoben ba, domin wasu dillalan ma'aikata suna ganinsa alamar matsuwa wadda take rage wa mutum ƙarfin ciniki a kan albashi. LinkedIn dai ya ci gaba da riƙe tsohuwar hanyar da ya ɓullo da ita a 2016, inda mai nema yake kunna alamar a ɓoye, ba mai ganinta sai dillalan da suka biya kuɗin rajista.