Tarihin Rabon Wakilan Zaɓen Shugaban Ƙasa Tsakanin Jihohin Amurka

Gabatarwa

A Amurka ba yawan ƙuri'un jama'a ba ne yake naɗa shugaban ƙasa kai tsaye. Kowace jiha tana da adadin wakilan zaɓe, su ne suke kaɗa ƙuri'ar ƙarshe. Jimillarsu 538 ne, kuma ɗan takara yana bukatar 270 kafin ya yi nasara. Wannan takarda za ta dubi asalin wannan rabo, da inda rashin adalci yake cikinsa.

Asalin tsarin

An tsara shi ne a taron rubuta tsarin mulki da aka yi a Filadelfiya a 1787. Manyan jihohi sun so a raba kujerun majalisa bisa yawan jama'a, ƙananan kuwa sun dage sai a yi daidai wa daida. Sulhun da aka cimma shi ne majalisu biyu: ta wakilai bisa yawan jama'a, ta dattawa kuma kowace jiha mutum biyu. Daga nan aka ce wakilan zaɓe na jiha za su zama jimillar kujerunta a majalisun biyu. Saboda haka komai ƙanƙantar jiha ba ta kasa samun uku.

Akwai kuma batun bayi. Jihohin kudu suna da bayi masu yawa waɗanda ba su da ikon zaɓe. Da ƙuri'ar jama'a aka bi, da arewa ta rinjaye su. Sai aka yarda a lissafta kowane bayi biyar a matsayin mutum uku wajen rabon kujeru, abin da ya ƙara wa iyayen gijinsu wakilan zaɓe. Gyaran tsarin mulki na 14, a 1868, shi ne ya soke wannan lissafi.

Gatan ƙananan jihohi

A 1929 majalisa ta tsayar da kujerun wakilai a 435. Idan aka haɗa da 'yan majalisar dattawa 100, da wakilai 3 da aka bai wa birnin Washinton a 1961, an sami 538. Bisa ƙidayar 2020, Wayomin tana da mutum kusan 577,000 da wakilan zaɓe 3, Kalifoniya kuwa mutum miliyan 39.5 da wakilai 54. Wato wakili ɗaya a Wayomin yana wakiltar mutum kusan 192,000, a Kalifoniya kuwa fiye da 730,000. Masu kare tsarin suna cewa Amurka tarayyar jihohi ce, dole a tsare ƙanana daga danniyar manya.

Cinye duka

Sai dai babbar matsalar ba a nan take ba. Tsarin mulki bai faɗi yadda jiha za ta zaɓi wakilanta ba, ya bar wa majalisar kowace jiha. A 1796 John Adams ya tsinci wakili ɗaya daga Bajiniya, jihar abokin hamayyarsa Thomas Jefferson. Kafin zaɓen 1800 sai Bajiniya ta sauya dokarta, ta ce wanda ya fi ƙuri'a a jihar shi zai kwashe wakilanta duka. Sauran jihohi suka bi sahu don kada ƙarfinsu ya rarrabu, har ya zamana a 1836 kusan dukkansu haka suke yi. Maine da Nebraska ne kawai yanzu suke raba wakilansu bisa gundumomi.

Sakamakon haka, ƙuri'ar wanda ya faɗi a jiharsa ba ta da tasiri, ko da tazarar ba ta taka kara ta karya ba. A 2000 Al Gore ya fi George W. Bush da ƙuri'a fiye da 500,000 a faɗin ƙasa, amma Bush ya ci Fulorida da ratar ƙuri'a 537, ya kwashe wakilanta 25, ya sami 271. A 2016 Hillary Clinton ta yi rinjaye da kusan miliyan 2.9, amma Donald Trump ne ya hau mulki. An ga irin wannan a 1824, 1876 da 1888. Haka kuma 'yan takara sun fi ba da ƙarfi a 'yan jihohin da ba a san maci tuwo ba. Wayomin da Kalifoniya duk ba a damu da su ba lokacin yaƙin neman zaɓe.

Kammalawa

A 1969 majalisar wakilai ta amince a koma ga ƙuri'ar jama'a kai tsaye, amma shirin ya mutu a majalisar dattawa a 1970. Nijeriya, da ta ari tsarin shugaban ƙasa daga Amurka a 1979, ta bi wata hanya: ƙuri'a mafi yawa, tare da kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. Ita ma sai da lissafin jihohi 19 ya kai Shagari da Awolowo Kotun Ƙoli a shekarar. A Amurka, sauya rabon wakilai sai da gyaran tsarin mulki, wanda yake bukatar amincewar jihohi 38. Cinye duka kuwa dokar jiha ce, majalisar jiha tana iya soke ta. Abin da ya hana shi ne jam'iyyar da take riƙe da jiha ba ta son raba abin da take ci ita kaɗai.