Labarin Addini a Dandalin Makaranta: Daga San-Sir Zuwa Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Wudil gari ne na makarantu tun da daɗewa. Kwalejin horon malamai ta yaye ɗalibai masu yawa a nan, kuma tun daga 2001 garin yake da jami'ar kimiyya da fasaha, wadda aka sa wa sunan Aliko Dangote a 2022. Inda ɗalibai suka taru kuwa da wuya a rasa ƙungiyar wasan kwaikwayo, kuma kowace ƙungiya takan fara da tambaya guda, wato wane labari za a nuna. Makasudin wannan lacca shi ne bin tarihin amsa ɗaya da malamai suka taɓa bayarwa, wato ɗauko labari daga littafin addini a mayar da shi wasan ban tausayi, irin wasan da ƙarshensa faɗuwa ce ko mutuwar babban mutum, a ba ɗalibai su nuna. Za a duba yadda abin ya faro a Turai, da rigimar da ya haddasa, sa'an nan a dubi dalilin da ya sa makarantun ƙasar Hausa suka bi wata hanya daban.

Mafarin Al'amarin a Turai

A ƙarni na 16 malaman Turai sun ɗauki wasan kwaikwayo a matsayin darasi. Da shi yaro yake koyon Latin, da iya tsayuwa gaban jama'a, da sarrafa murya. Amma wasannin Girkawa da Rumawa na dā cike suke da gumaka da soyayya, saboda haka malamai suka juya ga Littafi Mai Tsarki na Kirista don neman labarin da zai koyar da harshe ba tare da ɓata tarbiyya ba.

Daga cikin waɗanda suka fi shahara akwai Joj Bukanan, mutumin Sikotilan, wanda ya koyar a wata kwaleji a birnin Bodo na Faransa daga 1539. Ya rubuta wa ɗalibansa wasanni biyu da Latin. Na ɗaya a kan Yefta ne, jarumin Banu Isra'ila da ya yi alwashin in ya ci yaƙi zai yi hadaya da duk abin da ya fara fitowa daga gidansa ya tarye shi, sai 'yarsa tilo ta fito. Na biyu a kan kisan Annabi Yahaya ne, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Shahararren marubucin nan Mishel de Monten yana cikin yaran da suka yi wasannin Bukanan a wannan kwaleji. A 1550 kuma Tiyodo Beza ya rubuta wa ɗaliban Lozan wasa da Faransanci a kan hadayar Annabi Ibrahim, tsira da aminci su tabbata a gare shi.

Tun a nan aka fara ganin cewa labarin addini in ya hau dandali yakan ɗauko siyasar zamaninsa. Da kotun coci ta Lisbon ta tuhumi Bukanan a 1550, ya shaida mata cewa a wasansa na biyu yana nufin kisan Tomas Mo ne da zaluncin da ake yi a Ingila a lokacin. Ashe wasan da aka shirya don koyar da nahawu ya zama zambo ga mai mulki.

Abin da Ya Faru a San-Sir

Misalin da ya fi kowane fito da wannan matsala fili shi ne na makarantar San-Sir, kusa da fadar Barsai. A 1686 Madam de Mantenon, matar da Sarki Luwi na 14 ya aura a asirce, ta sa aka kafa makarantar don 'yan mata 250, 'ya'yan masu sarauta waɗanda talauci ya kama iyayensu. Da farko 'yan matan sun gwada wani wasan soyayya na Jan Rasin, suka kuwa iya shi har abin ya tsoratar da uwar makarantar. Sai ta nemi Rasin, wanda ya bar rubuta wasa tun 1677, ya rubuta musu wani abu na addini da ladabi, mai waƙoƙi, wanda babu soyayya a cikinsa.

Rasin ya ɗauko labarin Esta, Bayahudiyar da ta zama matar Sarkin Farisa, ta shiga gaban sarki ba da kira ba, alhali yin haka hukuncinsa kisa ne, don ta ceci mutanenta daga makircin waziri Haman. Ya yi wasan kashi uku, da 'yan amshi masu rera waƙa a tsakani. Ran 26 ga Janairu, 1689, aka nuna shi gaban Sarki, 'yan matan suna sanye da tufafi irin na Farisa masu ado da duwatsu masu daraja, su ne kuma suka fito a matsayin mazan. Wasan ya ƙayatar ƙwarai. Aka yi ta maimaita shi, samun izinin shiga ya zama abin alfahari ga fadawa, har Sarki Jems na 2 na Ingila, wanda yake gudun hijira a Faransa, ya zo kallo.

Daga nan ne abin ya kuɓuce wa masu shi. Fadawa suka shiga fassara wasan yadda suka ga dama: Esta ita ce Madam de Mantenon, matar da sarki ya saka a labarin ita ce tsohuwar ƙwarƙwarar Luwi, Haman kuwa wani minista ne da ake jin haushinsa. Malaman coci suka ce an mayar da 'yan makaranta abin kallon samarin fada, kuma tafi da yabo sun sa musu girman kai. Uwar makarantar ta ga da gaskiyarsu.

Saboda haka lokacin da Rasin ya kawo wasa na biyu, wato Ataliya, sai aka ɗaure shi tamau. Labarin sarauniya ne wadda ta karkashe jikokinta don ta riƙe mulki, amma aka ɓoye jariri ɗaya, Yowash, a cikin Haikali. Ta yi mafarki wani yaro ya soke ta, ta je Haikali ta ga yaron, ta yi masa tambayoyi yana ba ta amsa da hikimar da aka koya masa, ba ta san jininta ba ne. Daga ƙarshe babban limami ya yaudare ta ta shigo, aka naɗa yaron a gabanta, aka fitar da ita aka kashe. Abin da ya ƙara wa wasan nauyi shi ne, limamin ya hango cewa wannan yaro da ake ceto zai lalace in ya girma, har ya kashe ɗan limamin. A Janairun 1691 'yan matan suka nuna shi cikin kayansu na yau da kullum, ba ado, ba ƙawata dandali, gaban mutane ƙalilan. A 1692 aka mayar da makarantar ƙarƙashin dokar gidan ibada. Jama'ar Faris ba su ga Ataliya a gidan wasa ba sai 1716, bayan rasuwar Rasin da shekara 17 da ta Sarki da shekara guda. Yau masana da yawa suna lissafa shi cikin mafi kyawun abin da aka rubuta da Faransanci.

Ingila ma ba ta tsira daga wannan taƙaddama ba. A 1732 Bishop na Landan ya hana yaran cocin fada su fito da kayan wasa su kwaikwayi labarin Esta wanda Handel ya sa wa kiɗa, sai aka rera shi a tsaye ba kwaikwayo. A 1892 an hana nuna wasan Oska Wayild a kan Salomi domin akwai mutanen Littafi Mai Tsarki a ciki, kuma ba a soke dokar tace wasanni a ƙasar ba sai 1968. Wannan ya nuna cewa ƙyamar sa tsarkakan mutane a dandali ba ta taƙaita ga al'umma ɗaya ba.

Hanyar da Makarantun Hausa Suka Bi

A kudancin Nijeriya coci ta zama uwar wasan zamani. Alal misali, wasan farko na Hubat Ogunde, wanda aka nuna a Legas a 1944, a kan labarin gonar Aidan ne, kuma coci ce ta ɗauki nauyinsa. A Arewa kuwa abin ya sha bamban, saboda dalilai biyu.

Dalili na farko shi ne, Bahaushe yana da nasa kwaikwayon kafin zuwan boko, kuma kusan dukkansa na raha ne da gyaran hali. Tashen da yara suke yi daga goma ga watan azumi, kamar su Tsoho da Gemu da Jatau Mai Magani da Mairama da Daudu, da wasan gauta da matan fada suke kwaikwayon sarki da hakimansa, duk dariya ake yi a kuma ɗauki darasi. Da wasa ya shiga makaranta sai ya gaji wannan hali. Wasanni shida da Dokta R. M. East ya buga a cikin shekarun 1930 don makarantu daga tatsuniya da labarun gargajiya aka gina su. Malam Aminu Kano, tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, ya rubuta wasanni irin su Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba, yana sukar cuta da danniya. Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda aka buga a 1949, tsabta da kiwon lafiya yake koyarwa. Zamanin Nan Namu na 1959 da Jatau Na Kyallu na 1960, duka na Shu'aibu Maƙarfi, a kan lalacewar tarbiyya da rikicin aure suke.

Dalili na biyu, wanda ya fi ƙarfi, shi ne matsayin annabawa a wurin Musulmi. Wasu daga cikin mutanen da Bukanan da Beza suka sa ɗalibai su kwaikwaya annabawa ne a Alƙur'ani, kuma malaman Sunna ba su yarda wani ya fito a siffar annabi ba. A 1926 malaman Azhar sun tashi tsaye a kan shirin wani fim da Yusuf Wahbi zai fito a matsayin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, har aka fasa. Fim ɗin Mustafa Akkad na 1976 a kan tarihin Musulunci bai nuna fuskar Manzo ko muryarsa ba. Saboda haka ƙissar Annabi Yusuf ko ta Annabi Ayuba, duk da suna ɗauke da abin da wasan ban tausayi yake bukata, wurinsu a ƙasar Hausa shi ne zauren tafsiri da waƙar wa'azi.

Duk da haka an sami ƙofa guda. A 1933 Taufiƙ al-Hakim na Masar ya buga wasansa a kan As'habul Kahfi, samarin da suka gudu da imaninsu suka yi barci a kogo shekara 309. Labarin yana cikin Alƙur'ani, Kiristoci ma sun san shi da sunan masu barcin Afisa, kuma mutanen cikinsa salihai ne, ba annabawa ba. Marubucin ya tsaya a kan abin da ya same su bayan farkawa. Ɗaya ya tarar matarsa da ɗansa sun mutu tun ƙarnoni, ɗaya ya ga wata gimbiya mai kama da masoyiyarsa ashe jikanyar danginta ce ta nesa, makiyayin cikinsu kuwa ya rasa tumakinsa da duniyar da ya sani. Ɗaya bayan ɗaya suka koma kogon suka mutu. Da wannan wasa ƙungiyar wasan ƙasa ta Masar ta buɗe aikinta a 1935. Ahmed Sabir ya fassara shi zuwa Hausa da sunan Mutanen Kogo, aka buga a cikin shekarun 1970, zamanin da Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara Daren Sha Biyu na Shekspiya. Shi ne mafi kusa da abin da Rasin ya yi wa San-Sir a cikin littattafan da ɗalibin Hausa zai iya ɗauka.

A wannan zamani ne kuma ban tausayi ya sami gindin zama ta hanyar tarihi da zaman jama'a. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan kwaikwayo, aka buga a 1975. Jarumin malami ne mai tawakkali, abin tausayin kuwa uwarsa ce da ta ƙetare Sahara tana neman ɗanta, ta faɗa bauta, ta rasu jim kaɗan da ganinsa. A 1975 Jami'ar Ahmadu Bello ta fara koyar da wasan kwaikwayo ƙarƙashin Michael Etherton, aka gina dandali na ƙasa da zanen ɗakunan Hausa, ɗalibai suka riƙa fita Samaru da ƙauyuka suna gina wasa daga matsalolin manoma. Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, na 1979, ya ɗauki 'yar makaranta da mai kuɗi ya lalata wa rayuwa.

Kammalawa

Daga wannan tarihi ana iya fitar da abubuwa uku masu amfani ga ɗalibai da ma'aikatan ilmi. Na farko, malami yana da iko a kan rubutun wasa, amma ba shi da iko a kan fassarar 'yan kallo. Madam de Mantenon ta nemi darasin ladabi, fadawa suka ji habaici. Na biyu, waɗanda aka gayyata da irin adon da aka yi suna iya sauya ma'anar wasa fiye da kalmominsa, domin hannu ɗaya ne ya rubuta Esta da Ataliya, 'yan makaranta ɗaya suka nuna su, amma na farko ya jawo surutu, na biyu ya wuce lami lafiya. Na uku, kiyaye alfarmar annabawa bai hana al'umma wasan ban tausayi ba. Mutanen Kogo da Shaihu Umar sun nuna cewa ana iya tattauna ƙaddara da haƙuri da gushewar zamani ta bakin mutane irin kowa.

Ƙungiyar ɗalibai da take son gwada irin wannan aiki ya kamata ta nemi shawarar malaman addini tun a kan takarda, kafin a raba wa 'yan wasa matsayi, ta kuma tuna cewa a aji guda akwai Musulmi da Kirista, kuma labarin da yake adabi a wurin wani ibada ne a wurin ɗan'uwansa. Hukumomin makarantu su ma ya kamata su karanta wasa kafin su yanke masa hukunci. Tsoron surutu ne ya ɓoye Ataliya daga jama'a har shekara 25, marubucinsa ya rasu bai ga an nuna shi yadda ya tsara ba. Allah ya sa a dace.